An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Wai Mata Ne Suka Kashe Marvel

A ƙofar gidanmu akwai fadar samari, ta ƙanena da abokansa, inda ake dafa shayi daga bayan isha'i har dare ya raba. Ba na zama a cikinsu, amma tagar ɗakina ta nan take kallo, don haka duk wata gardamar da suka yi, ta ƙwallo ce ko ta siyasa, ina jin ta ko ban so ba. Wani dare a ƙarshen 2023 na ji suna yi wa kamfanin Marvel jana'iza. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi kowa murya, ya yanke hukunci cewa ai tun ranar da aka fara ba mata akta aka gama da harkar, ga shi nan an haɗa mata har uku a fim guda, fim ɗin ya faɗi ƙasa warwas. Sauran suka ce wallahi haka ne. Na leƙo na tambaye shi ko ya kalli fim ɗin. Ya ce, "Anti, ai ba sai na kalla ba, kowa ya san abin da ya faru."

Wannan amsa ce ta sa nake wannan rubutu. Yaron bai ƙirƙiri maganar ba, ya tsince ta ne a waya, inda dubban masu bidiyo daga Amurka suka shekara biyar suna nanata ta har ta zama kamar karatun allo. Ni kuwa na ce ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai sauƙin kamawa ga duk wanda ya yarda ya duba lissafi.

Fim ɗin da suke magana a kai shi ne The Marvels, wanda ya fito ranar 10 ga Nuwamba 2023. Ba na musun cewa ya faɗi. Abin da ya tara a gidajen silima na duniya baki ɗaya bai wuce dala miliyan 206 ba (dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba), alhali kuɗin da aka kashe wajen yin sa sun haura haka. A cikin finafinan wannan zuri'a ta Marvel, wadda ta faro daga Iron Man a 2008, babu wanda ya taɓa tara kuɗi kaɗan kamarsa. Wannan gaskiya ce. Abin tambaya shi ne me ya kayar da shi.

In mace ce ta kayar da shi, to a yi mini bayanin 2019. A ranar 8 ga Maris na shekarar aka saki Captain Marvel, da wannan jaruma dai Brie Larson, da wannan suna dai Carol Danvers, da wannan riga mai tauraro a ƙirji. Ya tara sama da dala biliyan 1 da miliyan 100. A shekara huɗu matar ba ta canza jinsi ba. A 2017 Wonder Woman na kamfanin DC, wanda mace ta ja, mace kuma ta ba da umarni, wato Patty Jenkins, ya tara sama da miliyan 800. A 2022 Wakanda Forever, wanda mutuwar Chadwick Boseman ta sa mata suka ɗauki nauyinsa kusan gaba ɗaya, ya haura miliyan 850, har Angela Bassett ta shiga takarar Oscar da shi. A cikin 2023 ɗin ma da ake cewa duniya ta gaji da mata, fim ɗin da ya fi kowane tara kuɗi shi ne Barbie na Greta Gerwig, biliyan 1 da miliyan 400 da ɗoriya, fim ɗin 'yar tsana mai ruwan hoda daga farko har ƙarshe.

Yanzu mu juya ga maza, mu ga yadda suka kwana a wannan shekara ta 2023. Ant-Man na uku ya fito a Fabrairu, namiji ne akta, ya tashi da kusan miliyan 476, kuma a mako na biyu masu kallo suka janye kamar an yi ruwa an ɗauke. Shazam na biyu, namiji, bai kai miliyan 140 ba. The Flash, da aka yi ta kururuta shi, aka ma dawo da Michael Keaton cikin rigar Batman don a jawo tsofaffin masoya, ya tsaya wajen miliyan 270, asara ce babba. Blue Beetle wajen miliyan 130. Aquaman na farko ya wuce biliyan a 2018, na biyunsa da ya fito a Disamba 2023 bai kai rabin haka ba, da Jason Momoa da ƙirjinsa da gemunsa duka. Ban ji ko mutum ɗaya a fadar ƙofar gidanmu ya ce maza sun kashe harkar ba. Idan fim ɗin namiji ya faɗi, sai a ce labarin ne bai yi ba, ko darakta ya yi kwaɓa. Idan na mace ya faɗi, sai a ce mata ne ba su iya ba, dukkansu, har waɗanda ba a haifa ba.

Wannan awo da mudu biyu ba a fada ya fara ba, daga can saman kamfanin ya gangaro. Lokacin da aka yi wa kamfanin Sony kutse a 2014, cikin wasiƙun da suka fallasa akwai ta Ike Perlmutter, shugaban Marvel na wancan lokaci, inda ya jero Elektra da Catwoman da Supergirl a matsayin misalan bala'in da finafinan jarumai mata suka zama. Finafinai uku a cikin shekara ashirin sun ishe shi hujja. Batman & Robin na 1997 ya zama abin dariya, amma bayan shekara takwas aka sake ba Batman dama da kuɗi masu yawa. Green Lantern ya faɗi a 2011, amma Ryan Reynolds ya dawo da Deadpool a 2016. Marvel kuwa sai da ya yi finafinai ashirin cur kafin ya yarda mace ta ja fim ita kaɗai. Captain Marvel shi ne na 21. Scarlett Johansson ta shiga zuri'ar tun 2010, amma ba ta samu fim nata ba sai 2021, bayan an riga an kashe Black Widow ɗin a labari. Kamar a yi wa mutum bikin suna bayan sadakar arba'in ɗinsa.

Kada mai karatu ya zaci zan ce Captain Marvel gagarumin fim ne. Ba shi ba ne. Na kalle shi sau biyu, kuma ra'ayina bai motsa ba: fim ne matsakaici. An gina shi a kan mace da ta manta ko ita wace ce, sai ya zama rabin fim ɗin muna bin wadda ita kanta ba ta san abin da take so ba, kuma da wuya mai kallo ya ƙaunaci mutumin da bai san kansa ba. Inda ya fi daɗi shi ne hirarta da Nick Fury, wanda aka mayar da Samuel L. Jackson matashi da kwamfuta don labarin a 1995 yake, da kyanwar nan Goose da ta tashi ba kyanwa ba ce, da kuma juyin da aka yi inda mutanen Skrull, da muka ɗauka su ne mugaye, suka tashi 'yan gudun hijira ne masu neman wurin zama. Sannan dole a faɗa, wani kaso na biliyan ɗin nan albarkacin maƙwabta ne. An sake shi tsakanin Infinity War da Endgame, lokacin da duniya ke jiran ta ga yadda za a yi da Thanos, kuma an riga an nuna alamarta a ƙarshen Infinity War. Ko me Marvel ya saki a wannan tsakani, za a yi layi.

Amma wannan ai hujjata ce ya ƙarfafa. Idan guguwar zuri'ar ce ta ɗaga fim ɗin 2019, to lafawarta ce ta kayar da na 2023. Ba a cewa nasarar ta kamfani ce, faɗuwar kuma ta mace. Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski.

Ƙiyayyar da ake yi wa Brie Larson kuwa ta girmi fim ɗin kansa. A watan Yuni 2018, a wani taron mata masu harkar fim, ta yi magana cewa mafi yawan masu sharhin finafinai a Amurka fararen fata ne maza, kuma tana son a buɗe ƙofa ga mata da waɗanda ba farare ba. A wurin ta faɗa cewa ba ƙin fararen maza take yi ba. Aka yanke wannan ɓangare, aka yaɗa sauran. Da tallan fim ɗin ya fito, wasu suka ce ba ta murmushi, har suka riƙa gyara hotonta suna liƙa mata fara'a. Yaushe aka taɓa neman Batman ya yi murmushi? Kafin fim ɗin ya fito, kafin kowa ya gan shi, aka yi wa shafin Rotten Tomatoes ruwan munanan kalamai, har a ƙarshen Fabrairu 2019 shafin ya hana rubuta ra'ayi a kan fim ɗin da bai fito ba tukuna. Wannan ba ra'ayin masu kallo ba ne, don ba a yi kallon ba. Matar nan fa ta ci Oscar a 2016 da fim ɗin Room, inda ta fito a uwa da aka kulle shekaru a ɗaki guda da ɗanta. Wanda ya ga wannan fim ba zai ce ba ta iya wasa ba. Yana iya cewa an ba ta rubutu mara gishiri, in ya faɗi haka zan ba shi hannu.

To me ya kashe The Marvels? Ni a ganina ƙoshi ne. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Daga 2008 zuwa 2012 Marvel ya yi finafinai shida kacal, mutum na iya kallon su a mako guda ya san kowa da kowa. Da kamfanin Disney ya buɗe tasharsa ta intanet, Disney+, a Nuwamba 2019, sai ya zama ana buƙatar abin da za a riƙa zuba mata ba dare ba rana. A shekara biyu kawai, 2021 da 2022, aka fitar da finafinai bakwai, da masu dogon zango guda takwas, da wasu na musamman biyu. The Marvels shi ne fim na 33. Kuma dubi jingar da aka ɗora wa mai kallo kafin ya shiga. Don ya san Monica Rambeau da abin da ke cin ta, sai ya kalli WandaVision, kashi 9. Don ya san Kamala Khan da munduwar da kakarta ta aiko mata, sai ya kalli Ms. Marvel, kashi 6. Nick Fury kuma yana da nasa, Secret Invasion, kashi 6, wanda ma bai haɗu da wannan fim yadda ya kamata ba. Wannan ba nishaɗi ba ne kuma, jarrabawa ce. Mu da muke sayen data da awo, ko mu kai waya shagon masu tura finafinai a zuba mana, mun fi kowa sanin tsadar wannan jinga.

Mu Hausawa ma ai mun san ciwon. Wanda ya taso da littattafan soyayya ya tuna yadda ake raba labarin da zai shiga littafi ɗaya zuwa na 1 da na 2 da na 3 da na 4, a tsaya daidai inda amarya ta buɗe ƙofa, a ce mu haɗu a littafi na gaba. Yau kuma ga finafinanmu masu dogon zango da ke wuce kashi ɗari, labarin ya ƙare tun a na talatin amma ana ta jan sa kamar ƙaro. Ranar da muka daina kallo, ba wanda ke cewa jarumar ce ta kore mu. Mun san gajiya ce.

Akwai kuma abin da 'yan fada ba su sani ba ko suka ƙi sani. Ƙungiyar 'yan wasan Hollywood ta shiga yajin aiki daga 14 ga Yuli 2023, ba a janye ba sai 9 ga Nuwamba, kwana ɗaya kafin fim ɗin ya fito. Dokar yajin ta hana 'yan wasa tallata finafinansu. Ke nan watanni huɗu babu hira da 'yan jarida, babu zagayen birane, babu komai. Kuma wadda aka fi yin asararta a nan ita ce Iman Vellani, yarinyar Kanada 'yar asalin Pakistan da ta fito a Kamala Khan, wadda ita ce ran fim ɗin.

Bari in ɗan tsaya a kanta, don ita ce ta sa abin ya dame ni fiye da yadda fim ɗin Amurka ya kamata ya dami mace mai shekaruna. Kamala Khan yarinya ce Musulma 'yar makaranta a garin Jersey City, tana da uwa mai faɗa da sa ido, da uba mai sanyin hali, da wa mai yawan ibada. A cikin shirinta ana zuwa masallaci, ana bikin Sallah, ana ba da labarin rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta bakin kaka. 'Yar wana, mai shekara goma sha biyu, da ta ga uwar Kamala tana yi mata faɗan fita da dare, ta juyo ta ce mini, "Gwaggo, wannan ai Mama ce." A shekarun da na yi ina kallon finafinan Amurka, Musulmi in ya fito yawanci da bam yake fitowa. Sau ɗaya aka ba yarinya irin tamu riga da ƙarfi da iyaye na kirki a babban fim, sai aka saka ta a motar da tayarta ta riga ta sace, sannan samarin unguwarmu, Musulmi 'yan uwanta, suka taya masu cewa ita da ire-irenta ne suka jawo hatsarin. Su waɗancan masu bidiyo da suke kwaikwayo, in da sun san da fadar ƙofar gidanmu, ba za su so ganin ɗaya daga cikinsu a fim ba shi ma.

Fim ɗin kansa yana da laifinsa, kuma ba ƙarami ba. Minti 105 ne, mafi gajarta a zuri'ar, kuma ana ganin tabon almakashi a jikinsa. Akwai babban labari a ciki da aka tsallake da gudu: Carol ta rusa na'urar da ke mulkin duniyar Hala da niyyar 'yantar da mutanenta, sai yaƙin basasa ya ɓarke, iska da ruwa da rana suka lalace, har mutanen suka sa mata sunan mai hallakarwa. Jaruma daga Amurka da ta je ceton wata ƙasa ta bar ta kango, wannan ai labari ne da mu maƙwabtan Libiya za mu zauna mu saurara da kyau. Amma an ba shi 'yan mintuna, aka wuce duniyar da ake magana da waƙa. Bos ɗin, Dar-Benn, tana da dalili mai ƙarfi, amma ba a ba ta lokacin da za mu ji zafinta ba. Abin da ya yi kyau shi ne dabarar musayar wuri, inda duk sanda biyu daga cikinsu suka yi amfani da ƙarfinsu lokaci guda sai su sauya gurbi, faɗan da aka fara a sararin samaniya ya ƙare a falon gidan su Kamala. Duk waɗannan, na kirki da na banza, aikin marubuta ne da masu yanka da shugabannin da ke sauya ranar fitowa. Babu ɗaya da ya shafi ko jarumar tana da gemu.

Da aka tashi rabon laifi kuwa, sai ya gangara kan wadda ta fi kowa ƙarancin iko. Nia DaCosta, baƙar fata mace ta farko da ta ba da umarni a fim ɗin wannan zuri'a, ita aka riƙa yi wa gugar zana a jaridu. Shugaban Disney na wancan lokaci, Bob Iger, ya fito a ƙarshen Nuwamba 2023 ya ce an ɗauki fim ɗin lokacin korona, babu isassun manyan kamfani a wurin da za su sa ido. Kowa ya san a Marvel darakta ba shi ne mai gida ba, kamfani ke tsara faɗace-faɗace da ƙarshen labari tun kafin a ɗauke shi aiki. Shi kuwa Andy Muschietti, mai The Flash, a daidai makon da fim ɗinsa ke fitowa aka sanar an ba shi sabon Batman. Iger ɗin nan dai shi ne ya amsa da bakinsa cewa yawan abin da suke fitarwa ya rage masa inganci, kuma a 2024 ya ce za a rage zuwa finafinai biyu ko uku a shekara. Mai kaya ya faɗi inda kayansa suka lalace, 'yan kallo suna can suna rantsuwa cewa ba nan ba ne.

Ina da ƙorafi kuma a kan wasu da ke ɓangarena. Akwai masu cewa duk wanda bai je kallon The Marvels ba maƙiyin mata ne. Wannan ma taimakon Disney ne, don ya mayar da sayen tikiti kamar wani aikin lada. Rahotannin makon farko sun nuna mafi yawan waɗanda suka je maza ne. Matan da suka cika silima don Barbie wata huɗu kafin nan ba su zo ba, kuma ba a bin su bashi. Kamfani ba ya zama waliyyi don ya sa mace a allon talla. Madame Web da Sony ya fitar a 2024 mummunan fim ne, kuma zan faɗa da ƙarfi kamar yadda zan faɗa a kan Morbius da Kraven, 'yan uwansa maza da suka faɗi tare da shi. Abin da nake nema wa mata shi ne abin da maza suka daɗe da samu, wato damar yin fim mara kyau ba tare da an rufe ƙofa a kan na bayansu ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mu ne muke wannan magana. Yayyen waɗannan samari da iyayensu sun biya kuɗi a gidajen bidiyo sun kalli Cynthia Rothrock da Michelle Yeoh suna karya ƙattai, suna tafi. Sun kalli Rekha a Khoon Bhari Maang, wadda miji ya jefa wa kada ta dawo ta ɗauki fansa, ba wanda ya tashi ya fita don akta mace ce. Sun san Sarah Connor a Terminator 2. A makaranta an karanta musu Sarauniya Amina ta Zazzau, mu nan kuma muna da Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899, har Med Hondo ya yi fim a kanta a 1986. Wannan ƙyamar ba gadonmu ba ce, aro aka yi, kuma daga wurin mutanen da ke samun kuɗi da kowane dannawa, waɗanda fushi shi ne hajarsu.

Shi kuwa Marvel, maganin da ya samo wa gajiyar shi ne komawa baya. Deadpool & Wolverine ya tara sama da biliyan 1 da miliyan 300 a 2024 ta hanyar tono tsofaffin fuskoki, har da Elektra ɗin da Perlmutter ya kira bala'i, kuma aka yi mata tafi. A Yulin shekarar aka sanar Robert Downey Jr. zai dawo, wannan karon a bos. A 2025 Captain America na huɗu, namiji, ya tsaya wajen miliyan 415, Thunderbolts kuma, da masu sharhi suka yaba, bai kai miliyan 400 ba.

Na tura wa yaron nan The Marvels a wayarsa ta hannun ƙanena, na ce ya kalla sannan mu yi magana. Bayan kwana uku ya aiko cewa yarinyar tana da ban dariya, kyanwoyin da ke haɗiye mutane sun sa shi dariya har ya ƙware da shayi, amma bai gane wace ce Monica ba, kuma me ya sa take fushi da Carol. Na aika masa cewa amsar tana cikin wani shiri mai kashi tara. Ya ce shi ba shi da wannan datar.